Igiyar Ƙarƙashin Gado

Sau tara muka ɗaure kaya kafin in gama firamare.
Babanmu malamin gona ne, Malam Ilu.
Takarda ɗaya daga ofis ta isa ta tashe mu,
kamar yadda tafi ɗaya kan tashi jan-baki daga gero.

Gagarawa, Aujara, Harbo, Kaugama.
Na san garuruwa da ɗanɗanon rijiyarsu:
wannan mai zartsi, waccan garɗi kamar an jiƙa ƙasa,
ta Birniwa kuwa sai ka ja, ka ja,
guga ya iso baki ya riga ya gaji.

Duk gidan da aka sauke mu,
kafin Inna ta zaɓi inda za ta kafa murhu
shi ya riga ya haƙa rami a tsakar gida.
Mangwaro. Wani sa'in gwaba. Sau ɗaya dabino.
Ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki,
ya riƙa alwala a gindinsa.

Inna Tasalla ta ce, "Malam, wa kake yi wa?
Ba mu taɓa kaiwa furensa ba, balle 'ya'ya."
Ya ce, "Wanda zai canje ni ma da takarda zai zo.
Ya sami inda zai shimfiɗa tabarma."

Ita ba ta shuka abin da ya haura wata uku:
kuɓewa, yakuwa, lalo a bayan randa.
Ba ta shiga adashin da zai kai kaka,
ba ta ƙawance har ya kai ga aron zane.
Kwanukan aurenta a kwali suka tsufa,
igiya kuma kullum tana ƙarƙashin gado, a naɗe.

A Harbo muka bar Sa'adu.
Wata bakwai. Ƙyanda.
Ranar tashi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida,
direba na ta danna ham,
Inna ta kife turmi ta zauna a kai
ta ce ba inda za ta.
Ita, mai igiya.
Baba, mai cewa ko'ina ƙasar Allah ce,
ya tsaya da hula a hannu, bai sami ta cewa ba.
Sai la'asar ta miƙe da kanta,
ta ɗaure katifa, ƙulli a kan ƙulli,
har igiya ta ci mata tafin hannu.

A gari na gaba na kama ta da asuba
tana zuba wa dashensa ruwan wanke-wanke.
Ta ce in na faɗa sai ta ja min kunne.

Yau shekarata goma sha huɗu a Taura,
gidan bulo, kwano a sama, sunana a takardar fili.
Maƙwabcina Mati yana kwana a ɗakin da aka haifi kakansa.
Ya kan tambaye ni, "Kai ina aka binne cibiyarka?"
In ce wani gari ne, na manta wanne.
Ya yi min kallon tausayi.
Ni ma haka nake kallonsa
in ya ce bai taɓa shan ruwan wata rijiya ba.
Saude, matata, ta share ƙarƙashin gadonmu ta fito da igiya,
ta ce ta mene ce. Na ce ta shanya.

Bara na bi ta Aujara.
Gidan ya rushe, mangwaron ya fi masallaci tsawo.
Mai shayi a gindinsa, mai faci, tsofaffi suna dara.
Mangwaron Gwamnati suke ce masa.
Ba wanda ya san wani Malam Ilu.
Wata yarinya ta sayar min da uku,
na biya ban nemi ragi ba,
na shanye a tsaye, ruwan na bin gwiwar hannuna.

Na taho da ƙwallo ɗaya a aljihu.
Yana kan taga, ya bushe.
Damina ta zo ta wuce.
Ban dasa ba,
ban kuma bari a share shi ba.